Hawa ɗaya, kekuna huɗu: nazarin lamarin wani tela a Jos

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ƙanin mahaifiyata ne, don haka Kawu zan riƙa kiransa. Tela ne, shekarunsa 58 lokacin da abin ya fara. Gidansa yana wata unguwa ta kan tudu a arewacin Jos, shagonsa kuma yana ƙasa, wajen Taminus a tsakiyar gari. Tsakanin gida da shago kilomita 7 ne. Da safe hanyar da gangara take farawa, da yamma kuma ta juye ta ƙare da hawa. Ni sana'ata haɗa sola da batir, shi ya sa aka sako ni cikin maganar neman masa keken lantarki da zai iya wannan hawa, amma sai bayan an riga an yi asara ta farko.

Wanda bai san Jos ba yana bukatar ya san abu biyu. Garin yana bisa tsauni, sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma unguwanni da dama a jikin duwatsu aka gina su. Sannan tun zamanin gwamna Jonah Jang aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, saboda haka mai ƙaramin ƙarfi Keke Napep ne abin hawansa, ko tasi, ko ƙafa. Napep ba ya son hawa layin su Kawu. In direba ya yarda, sai an ƙara masa kuɗi. In bai yarda ba, a sauke mutum a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa.

Lafiyar Kawu ita ce rabin matsalar. Nauyinsa kilo 96 ne a lokacin. Yana shan maganin hawan jini, gwiwarsa ta dama tana da ciwon gaɓɓai, kuma shekara talatin da wani abu ya yi yana zaune a kan keken ɗinki daga hantsi zuwa magariba. In ya hau matakala goma sha biyar sai ya tsaya ya dafa bango.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na rantsuwa. Litar fetur da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a Yuli ta wuce 600. Kuɗin Napep ya bi ta. Kawu ya zauna ya lissafa, ya ga abin da yake kashewa a zuwa da dawowa ya kusa cinye ladan ɗinkin riga guda kullum.

Yuni zuwa Satumba 2023: tsohon keken ƙarfe

Abin da ya fara yi shi ne fito da tsohon kekensa na samartaka daga ɗakin shirgi, irin baƙin nan mai giya ɗaya da birkin sanda. Mai gyara ya sa masa sababbin tayoyi, ya shafa mai. Zuwa shago ba laifi, minti 25 ya isa. Dawowa kuwa yana tuƙa kilomita biyar na farko, daga nan ya sauka ya tura. Tafiyar takan ɗauke shi minti 55 zuwa awa guda, ya shiga gida jiƙe sharkaf, ya kasa cin tuwo sai ya huta. Cikin mako na shida gwiwar ta kumbura, ya kwana uku bai buɗe shago ba.

A Satumba ya je asibiti. Likita bai hana shi keke ba. Ya ce tuƙin keke yana cikin motsa jikin da ya fi dacewa da mai ciwon gwiwa, tunda sirdi ne yake ɗauke nauyi, amma da sharaɗi: kada ya danna feda da ƙarfi, kuma kada ya kai hakin da zai hana shi magana. In zai iya hira yana tuƙi, daidai ne. In magana ta gagara, ya wuce gona da iri. In ya ji ƙirji ya riƙe ko jiri ya ɗebe shi, ya tsaya nan take. Wannan sharaɗi ne ya zama ma'aunin duk abin da aka gwada daga baya.

Oktoba 2023 zuwa Janairu 2024: keken lantarki na farko

Wani abokin cinikinsa ya haɗa shi da mai sayar da kekunan lantarki, irin masu siffar ƙaramin babur, da faffaɗan mazauni da kwando a gaba. Shi ne mafi araha a shagon. A jikinsa an rubuta wat 350, batirinsa kuma bolt 48, Ah 12 (Ah ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka ne). Mai shagon ya ce caji ɗaya yana yin kilomita 50. Kawu ya zaga da shi a titin gaban shagon, wanda yake shimfiɗaɗɗe, ya ji daɗinsa, ya biya. Bai gaya mini ba sai da ya kawo shi gida.

Ba zan sa farashi da naira ba, domin naira ta yi ta rawa a watannin nan har lambar ba za ta amfani mai saye a yau ba. Zan riƙa kwatanta komai da kuɗin wannan keke na farko.

Mako biyun farko ya kai shi har gindin hawan ƙarshe. A nan injin yakan fara gurnani, gudu ya ragu, fitilun batir huɗu su faɗo zuwa ɗaya, sannan ya tsaya cak. Fedar da ke jiki ta ado ce kawai, gajera, tana can gaba, ga giya ɗaya. Ba a iya taimaka wa injin da ita. Sai Kawu ya sauka ya tura, kuma abin da yake turawa yanzu ya ninka tsohon keken nauyi. Na ɗora shi a sikelin masu sayen ƙarfe, ya ba da kilo 48. Kusan kilo 16 a ciki batir ne, domin batirin dalma ne guda huɗu, kowanne bolt 12, aka jera a ƙarƙashin mazauni.

Wata yamma na bi shi a baya don in ga abin da idona. Da ya tsaya na taɓa cibiyar tayar baya, inda injin yake, na janye hannuna da sauri saboda zafi. Injin irin wanda yake juya taya kai tsaye ne, babu giya a cikinsa. Irin wannan inji yana aiki da kyau in taya tana gudu. In gudu ya ragu ƙwarai, mafi yawan wutar da yake ja zafi take komawa maimakon tafiya. Wato a daidai wurin da aka fi bukatarsa, a nan yake ɓarnar batir.

Sai hunturu ya shigo. Sanyin Jos na Disamba da Janairu sananne ne, kuma batirin dalma yana rage ƙarfi cikin sanyi. Ga shi ba ya son a bar shi a kwance ba caji, alhali unguwar takan kwana biyu ba wuta. In ya daɗe a haka, farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar, ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa duka. Kafin ƙarshen Janairu keken ba ya iya kilomita 14 na zuwa da dawowa. An kuma tsayar da Kawu sau biyu a hanya ana tambayarsa takardun babur, saboda siffar abin. Ya sayar da shi wa wani mai kanti da ke zaune a shimfiɗaɗɗiyar unguwa, a ƙasa da rabin abin da ya saya.

Ranar da aka tafi da keken ya ce mini: “Ɗana, ni dai na haƙura. Abin nan ba a yi shi don irinmu ba.” Na ce: “Kawu, a ba ni mako biyu in auna hanyar tukuna.”

Fabrairu 2024: awon hanya

Wata Juma'a bayan sallar asuba muka fita ni da ƙanina, da katako mai tsawon mita ɗaya cif, da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ciki, da tef ɗin awon Kawu na ɗinki. Yadda ake yi ba wuya. A kafa bakin katakon ɗaya a ƙasa ta wajen tudu, a ɗaga ɗaya bakin har ɗigon ruwan ya tsaya a tsakiya, sannan a auna tazarar da ke tsakanin bakin da aka ɗaga da ƙasa. In tazarar santimita 6 ce, tsayin hawan kashi 6 cikin 100 ne. Mun auna duk bayan taku hamsin, ƙanina yana rubutawa a bayan kwalin sabulu, yara masu zuwa makarantar allo suna tsayawa suna kallonmu.

Abin da ya fito: kilomita 5 na farko daga shago kusan a shimfiɗe suke. Sai kilomita ɗaya da rabi mai hawan kashi 5 zuwa 6. Sai mita 400 na ƙarshe, layin gidan, kashi 11 zuwa 12, ga kwalta ta farfashe, ga kwana mai kaifi a tsakiya inda dole a rage gudu. Jimillar hawan ta kai mita 130.

Daga nan lissafin ya zo da sauƙi. A hawan kashi 12, abin da yake jan mutum baya ya kai kashi 12 na nauyinsa da na kekensa a haɗe. Kawu da keken dalma kilo 144 ne, wato kamar an ɗaura masa igiya ana ja baya da nauyin kilo 17, ban da gogayyar taya. Da keke mai kilo 24 abin zai sauko wajen kilo 14 da rabi, a ƙara gogayya ya zama 16. Tambayar da ya kamata a yi wa kowane keke ita ce: yana iya tura kilo 16 a bakin taya, yana tafiya a hankali, na minti uku, ba tare da ya ƙone ba? Lambar wat ba ta amsa wannan. Abin da yake amsawa shi ne ƙarfin murɗawa, wanda ake rubutawa Nm, da kuma ko ƙarfin yana bi ta giya ko ba ya bi.

Wutar da hawan yake ci ba ta da yawa. Ɗaga kilo 120 zuwa mita 130 yana bukatar wat-awa 42 da ɗoriya, in aka sa asarar inji ya kai wajen 60. Batirin dalmar nan a takarda wat-awa 576 ne, domin ana ninka bolt da Ah ne a samu. Ke nan ba girman batir ne ya gaza ba. Batirin dalma in aka ja masa wuta da ƙarfi ba ya ba da abin da aka rubuta, kuma injin da yake ciyarwa ya riga ya shaƙe.

Farkon Maris 2024: keken aro

Wani mai sayar da kekunan hannu da ake shigowa da su daga Turai ya yarda ya ba mu aron ɗaya na kwana biyar, bisa amanar da ke tsakaninsa da Kawu, wanda ya daɗe yana yi wa iyalinsa ɗinki. Keke ne na gaske, mai giya bakwai, kilo 25, batirin litiyom bolt 36, inji wat 250 a cibiyar tayar baya, mai ƙananan giya a cikinsa. Dokar Tarayyar Turai ce ta tsara irinsa: wat 250, injin ya daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a awa, kuma ba ya tafiya da totur, sai ana juya feda.

A hawan kashi 6 ya yi abin mamaki. Kawu ya haye yana amsa gaisuwar mutane. Lissafi ma ya nuna haka zai kasance: irin wannan inji yakan ba da wajen Nm 40, a bakin tayar wannan keke kuwa turin kilo 12 ke nan, hawan kashi 6 kuma kilo 9 yake nema. A layin gida aka ga gejinsa. Ana neman 16, inji yana ba da 12, ragowar sai daga gwiwa.

Akwai kuma wani abu da ban yi tsammani ba. Keken yana da na'urar da take auna ƙarfin da ƙafa ta danna, sai ta ba da taimako gwargwadon haka. Masu tuƙi masu lafiya ita suka fi yabo, domin tuƙin yana zuwa kamar ƙafarka ce ta ƙara ƙarfi. Amma ga Kawu ma'anarta ita ce sai ya danna da ƙarfi kafin inji ya ba da nasa ƙarfin, abin da likita ya hana ke nan. Rana ta uku ya haye layin da ƙyar, ya kasa amsa sallamar maƙwabci saboda haki. Rana ta huɗu batirin ya yanke wuta a kwanar nan, ya dawo bayan minti biyu. Batirin ya tsufa, kuma ƙirarsa ta kamfanin ce kaɗai, ba a samun madadinsa a kasuwa. Muka mayar da keken da godiya.

Maris zuwa Mayu 2024: haɗa keke daga sassa

Abin da lissafin ya nuna shi ne inji na tsakiya, wanda ake ɗaurawa inda feda take, yana jan sarƙa. Ƙarfinsa yana bi ta giyar keke, don haka in aka sa giyar hawa, injin yana juyawa da saurin da yake so ko da keken yana rarrafe. Sababbin kekuna masu irin wannan inji, kamar masu injin Bosch ko Shimano, sun fi ƙarfin aljihun tela nesa ba kusa ba. Hanyar da ta rage ita ce a sayi keke na hannu mai kyau, a sayi inji daban, a sayi batir daban.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, lokacin da tela ba ya ɗaga kai daga keken ɗinki. Kawu ya tara kuɗin ɗinkin Sallah, ya haɗa da abin da ya rage na keken dalma da kwasar adashensa. An yi Sallah ranar 10 ga Afrilu. Allah ya sa kuma dala, wadda ta haura naira 1,500 a Fabrairu, ta sauko sosai a Afrilu, kuma a wannan tsakanin muka yi oda.

Keken da muka zaɓa irin na hawan dutse ne, taya inci 26, birkin faifai gaba da baya, giya takwas a baya, ƙaramar mai haƙora 11, babbar mai 34. Na fi dagewa a kan abu uku: firam ɗin ya zama gajere yadda Kawu zai tsallaka ƙafa ba tare da ya murɗe gwiwa ba, ramin feda ya zama mai faɗin milimita 68 zuwa 73 don injin ya shiga, birki kuma ya zama na faifai, saboda kilo 120 ne za su gangaro layin nan kowace safiya. Injin na kamfanin Bafang ne na birnin Suzhou a ƙasar Sin, samfurin BBS01, bolt 36, nauyinsa wajen kilo 4, kamfanin ya rubuta masa Nm 80. Yana ba da taimako da zarar feda tana juyawa, ko da ba a danna ta da ƙarfi ba, kuma yana da totur na babban yatsa. Waɗannan biyun su ne ainihin abin da gwiwar Kawu take bukata.

A kan batir muka fi daɗewa, domin shi ya cinye kusan rabin kuɗin, kuma a nan aka fi yin algus. Ƙwayoyin litiyom da ake jerawa a ciki, masu lamba 18650, kowace tana da nauyin giram 45 zuwa 48, kuma ta gaske ba ta wuce Ah 3.5 sosai. Batir mai bolt 36 da Ah 13, in an haɗa shi da ƙwayoyi masu Ah 2.6, ƙwaya 50 ne, goma a jere sau biyar. Ƙwayoyin kaɗai sun haura kilo 2, da akwati da wayoyi ya kusa 3. Na tafi da ƙaramin sikeli a jaka. Wani da aka fara nuna mini, mai araha, an rubuta masa Ah 20 amma bai kai kilo 2 ba. Na ajiye shi. Wanda muka saya kilo 2.9 ne, ya cika a bolt 42 kamar yadda ya kamata, kuma mai shi ya yarda na gwada shi da lodi na awa guda kafin in biya. Wat-awa 468 ke nan.

Duka-duka, keke da inji da batir da ladan mai gyara sun kusa ninka kuɗin keken dalma. Nauyin abin da aka haɗa kilo 23. Kawu ya fara hawansa a makon farko na Mayu.

Mayu zuwa Agusta 2024: kurakuran farko

Kwana tara da fara hawa, sarƙa ta tsinke a gindin layin gida. Da na duba, tana kan ƙaramar giya mai haƙora 11. Kawu bai taɓa tuƙa keke mai giya ba kafin na aron nan, ya ɗauka tunda akwai inji ba ruwansa da canji. Farantin gaba da ya zo da injin haƙora 46 ne. Da 46 a gaba da 11 a baya, Nm 80 ɗin nan yana isa bakin taya a matsayin turin kilo 6 kacal, sauran wahalar duk a kan sarƙa da inji take sauka. Da 46 da 34 turin ya kai kilo 18, wanda ya ɗara 16 da ake nema, amma da kaɗan.

Mun yi gyara biyu. Na farko, muka sauya farantin gaba da mai haƙora 36. Da shi da babbar giyar baya, turin ya kai wajen kilo 23. Gudun keken a miƙaƙƙen titi ya ragu zuwa wajen kilomita 30 a awa, wanda ya wuce bukatar Kawu. Ƙaramin farantin ya ɗan karkatar da sarƙa, sai da mai gyara ya ɓata yini guda yana saiti kafin ta daina zamewa. Na biyu, muka yi safiyar Lahadi uku a filin makaranta yana koyon giya. Ƙa'idar da na ba shi gajeriya ce: ya sauya giya tun kafin ya shiga hawa, ya ɗan sassauta feda lokacin sauyawa don inji ya saki sarƙa, kuma kada ya taɓa tsayawa sai ya koma giya mai sauƙi. Na ɗaura jan ƙyalle a wata bishiyar mangwaro da ke taku ashirin kafin layin, alamar nan ne wurin komawa babbar giya. Ƙyallen daga ragowar yadin shagonsa ne, har yanzu yana nan ya koɗe.

Mun kuma ɗaga sirdi da santimita 4. Yana zaune ƙasa-ƙasa ne don ƙafarsa ta taɓa ƙasa, alhali hakan yana lanƙwasa gwiwa fiye da kima. Ya yi gardama kwana biyu, daga baya da kansa ya ce gwiwar ta fi sakewa.

Damina ta kawo nata. Ruwan Jos yana tsananta a Yuli da Agusta, kuma sau ɗaya ruwa ya shiga mahaɗin wayar da ke tsakanin batir da inji, keken ya ƙi tashi. An busar, an shafa man hana ruwa, an naɗe da tsohon tiyub. Takalman birki na farko sun cinye cikin wata biyu, saboda yashi da kuma yadda yake riƙe birki tun daga ƙofar gida har bakin titi. Ya koyi matsawa da saki bi da bi, da amfani da na gaba tare da na baya.

Caji ma sai da muka sa masa doka, domin batirin litiyom in ya kama wuta wutar ba ta mutuwa da sauƙi. A shago ake yi, da rana, a kan siminti, nesa da tarin yadi da bakin ƙofa, da cazarsa ta asali kawai, kuma da na'urar kare hawa da saukar wuta a tsakani. Ba a barinsa a jone a tafi gida. In ya dawo da zafi daga tafiya, sai ya huce.

Satumba 2024 zuwa Mayu 2025: inda aka tsaya

Daga Satumba abin ya daidaita. Dawowa gida minti 27 zuwa 30 ne. Layin gida yana hawansa a gudun kilomita 8 a awa, cikin minti uku, feda tana juyawa ba tare da dannawa ba. Totur a wuri biyu kawai yake taɓa shi: in ya tashi daga tsaye a kan hawa, da fitowa daga kwanar nan. Na bi shi a gefe muna magana har ƙofar gida, bai yanke zance ba.

Yana cin wat-awa 160 zuwa 180 a rana, wato ɗan sama da sulusin batir, saboda haka caji ɗaya yana kai shi kwana biyu da ragowa. Wannan ya yi amfani ƙwarai a ƙarshen Oktoba 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin Arewa cikin duhu sama da mako guda. A kwanakin ya riƙa kawo batirin wurina ina caza shi da sola. Cika shi daga ƙasa awa shida da rabi ne da caza mai amfiya 2, kuma wutar da yake sha ba ta kai yunit ɗaya ba. A watan ne kuma litar fetur ta haura naira 1,000.

Cikin shekara guda ya yi wajen kilomita 4,000. An sauya sarƙa sau biyu ban da wadda ta tsinke, takalman birki sau uku, tayar baya sau ɗaya, haƙoran baya sau ɗaya. Ba a buɗe injin ba. Batirin yana nan yana yin kwana biyunsa.

Injin yana da matakan taimako biyar a allonsa. Da farko a na biyar yake barinsa ko'ina. Zuwa Janairu 2025 ya koma na biyu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, na uku a dogon hawa, na biyar a layin gida kaɗai. Ba wanda ya sa shi. Nauyinsa ya sauko daga kilo 96 zuwa 91. Yana ci gaba da shan maganin hawan jini kamar yadda aka rubuta masa, gwiwar kuma tana tashi lokacin sanyi, amma bai sake rufe shago dominta ba. Tuƙinsa na mako, kusan minti 50 a rana sau shida, ya wuce minti 150 na matsakaicin motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba manya shawara.

Hukuncina a kan lamarin

Keken dalma ba lalatacce ba ne. Wanda ya saye shi daga hannun Kawu yana amfani da shi a unguwar da ba tudu. Kuskuren shi ne an gwada shi a titin gaban shago, alhali mita 400 ne daga cikin kilomita 7 suke yanke hukunci, kuma ba wanda ya auna su sai bayan kuɗi sun tafi. Da an yi awon katakon nan a Satumba 2023, da asarar rabin kuɗin keke da wata huɗu na tura kilo 48 ba su faru ba.

Keken aron ma ina ganin zai wadatar da mutane da yawa. Duk wanda hawansa bai wuce kashi 6 ko 7 ba, kuma gwiwarsa lafiya, inji mai giya a cibiyar taya ya fi masa arha da sauƙin kulawa, ba ya cin sarƙa, ba ya bukatar koyon komai. Ba zan tura irin wannan mutum ga inji na tsakiya ba. Abin da ya fitar da Kawu daga sahunsu abu uku ne da suka haɗu: nauyin jikinsa, kashi 12 na layin gida, da gwiwar da ba ta da abin bayarwa.

Inda na fi jin nauyi a raina shi ne batun giya. Na miƙa masa keke mai inji na tsakiya ban zaunar da shi na koya masa ba, kuma sarƙar nan da a tsakiyar hawa ta tsinke, da mota a bayansa, da labarin ya sha bamban. Duk wanda zai haɗa wa dattijo irin wannan keke, ya sa kwanakin koyo da ƙaramin faranti cikin lissafin kuɗi tun farko.

Abin da ya rage a gaba shi ne batir. Na litiyom yana raguwa da shekaru da yawan caji, kuma ranar da zai gaza kuɗinsa ba ƙarami ba ne. Tun watan Yuni 2024 Kawu yake ware kuɗin Napep na kwana ɗaya kowane mako a cikin wani gwangwanin maɓallai a shago, domin wannan rana. Na shirya in sake gwada batirin da lodi kafin hunturu mai zuwa, in kuma duba ko za a samu haƙoran baya masu 40 da za su shiga keken, saboda lokutan da yake ɗauko buhun masara a kariya.